Kirk ɗin Madam Morag

Ejan ɗin da ya kawo ni Dubai cewa ya yi shagon abaya zan tsare. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, da fara'arsa da turarensa, ya sa ni a tasi, ya sauke ni a ƙofar wani bene a Muraqqabat. Ya ce in huta, gobe da safe zai zo mu je wurin mai shagon. Har yau goben ba ta yi ba. Na yi ta kiran lambarsa har na haddace muryar Balarabiyar nan da ke cewa wayar a kashe take.

A benen ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya. Gado bisa gado, kowace mace da labulenta, jakarta a ƙarƙashin kanta. Nawa na sama ne, dab da na'urar sanyi, tana ɗiga mini ruwa a ƙafa. Wata 'yar Ghana mai Hausar Zango, wadda ke kwana a gadon ƙasa, ita ta fara yi mini magana. Ta leƙo ta gan ni zaune da waya a hannu, ta ce, "'Yar'uwa, ba zai zo ba. Nawa ma bai zo ba. Sauko ki sha shayi." Ta ara mini katinta na jirgin ƙasa, ta nuna mini yadda ake ɗora shi ƙofa ta buɗe. Ta ce abu ɗaya zan kiyaye a garin nan, kada in zauna, zama shi ke haukata baƙo.

Sai na kama tafiya. Daga Rigga zuwa bakin ruwa, shago shago, ina tambayar aiki da ɗan Turancina na sakandare. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kamar an tsoma bargo a ruwan zafi an rufa wa mutum. Bizata ta ziyara ce, kullum tana ƙara gajarta.

Bayan la'asar nakan kira Malam. Maigidana ke nan. Ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa. Haka na ga uwata ta yi da mahaifina, haka na tashi. Tela ne a Kurna kafin ciwon ƙoda ya zaunar da shi. Saboda wankin ƙodar nan na fito, na bar 'ya'yanmu mata biyu wurin mahaifiyarsa, Inna.

"To, 'yar Dubai," yakan ce, "an fara kwasar riyal?"

"Dirhami ake cewa, Malam."

"Ko ma mene ne. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Muryarki ba ta ci ba. Saude, in babu, ki dawo. Ba korarki aka yi ba."

Sai in ce na kusa samu. Shi ma sai ya ce jiki da sauƙi. Kowannenmu ya san abin da ɗan'uwansa ke ɓoyewa.

A Al Buteen na samu hanya. Wani ƙaramin otal ne da 'yan kasuwar Kano ke sauka, ƙofarsa cike da kwalaye masu jiran kago. Na ji Hausa tun daga titi, ƙafata ta juya da kanta. Wata mace mai jiki tana zaune a kan kwali, tana faɗa da mai awon kaya da Larabci da Hausa a haɗe. Ita ce Hajiya Ladidi, mai fataucin mayafai da turare. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar ina ce?"

"Kurna, Hajiya."

"Wane ɗan iskan ne ya kawo ki?"

Na faɗa mata. Ta yi tsaki mai tsawo. "Shagon abaya ko? Duk wadda ya kawo shagon abaya ne. Da gaske ne da yanzu abaya ta fi Larabawa yawa. Yalla, kama tef ɗin nan ki liƙe mini kwali, kuka ba ya hana hannu aiki."

Na liƙe mata kwalaye har magariba. Ta saya mini shinkafa. Muna ci ta tambaye ni abin da na iya. Na ce ban iya komai ba sai jinya, na daɗe ina jinyar Malam.

"Shi ne ba komai ba? Khalas, shi ke nan. Akwai wani Bature da ke neman mai kula da tsohuwarsa. Uku ya ɗauka, duk ta kore su. In kin iya haƙuri da miji mai ciwo, za ki iya da tsohuwar Bature."

Sunansa Mista Kalum, injiniya ne, aikinsa can wajen duwatsun Hatta, sai ya yi kwanaki bai dawo ba. Ya gyara mini takardu, zamana a ƙasar ya koma a hannunsa. Gidan a saman wani dogon bene yake, ta taga mutum na hango jirgin ƙasa yana wucewa kamar zare. Uwarsa, Madam Morag, 'yar Scotland ce, tsohuwar malamar firamare. Mijinta ya rasu, Kalum ya ɗauko ta, ba ta daɗe da zuwa ba ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye. A kwance na same ta, farar fat, idonta kamar na shaho.

Turancinta ba shi aka koya mana ba. Sai da na yi makonni kafin kunnena ya saba. Ba ta kirana da sunana, sai ta ce "hen". Na san kalmar, kaza ce. Da na kai wa Hajiya ƙara a waya, dariya ta yi har da tari. Ta ce, "A garinsu haka ake kiran wadda ake so. Ki gode Allah ba akuya ta ce ba." Tun daga ranar Hajiya ba ta da sunan da take kirana sai Kazar Bature. Ita kuwa tsohuwar, Mama nake ce mata.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai a ɗakinta. A jikin ƙofar kabad ta rataye wani baƙin kwat mai kauri da baƙar hula, a garin da ko inuwa tana gumi. Ba ta yarda a sa su ciki. Kowace safiya kafin ta karɓi shayi sai ta tambaya ko yau Lahadi ce. In Lahadi ce, sai ta ce in goge mata kwat ɗin da buroshi, in mayar. Ta ce da zarar likita ya yarda ta hau keken marasa lafiya, zan kai ta kirk. Na tambayi Kalum mene ne kirk. Ya ce coci ne, haka mutanensu ke faɗa. Sai ya ɗauki makullin mota ya fita.

Wata rana ina ba Mama kunun alkamarta da safe wayata ta yi ƙara. Ƙanin Malam ne. Ya ce, "Saude, sai haƙuri." Cikin dare Malam ya cika. Kafin in gama fahimta, ya ce ga mutane sun taru, za a fita da shi. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar, na koma na ƙarasa ba Mama kununta, don ya kusa hucewa.

Da yamma Inna ta karɓi waya. Na ce zan taho. Ta ce, "Ki taho ki tarar da me? An riga an kai shi. Yaran nan ci za su yi, makaranta za su je. In kika baro aikin nan ba za ki sake samunsa ba. Ki zauna inda kike, ki yi masa takabarki a nan. Allah ya san ba da gangan ba ne."

Ban yi jinyarsa ta ƙarshe ba. Ban ga fuskarsa ba. Ban zauna a tabarmar gaisuwa ba. Abin da ya rage in ba shi guda ɗaya ne, zaman nan na wata huɗu da kwana goma. Na cire 'yan kunnena, na ajiye kwalli da turare da man shafawa. Hajiya ta aiko mini da zani mai duhu da hijabi ruwan toka. Ta ce, "Kazar Bature, ki ji ni da kyau. Malamai sun ce mai takaba na iya fita da rana in lalura ta kama. Ke kuwa a bakin aiki kike." Na ce na sani. Amma a zuciyata na riga na ɗaure, ƙafata ba za ta taka bakin ƙofar gidan nan ba sai ranar fita. Cefane ta waya ake yi, a kawo har ƙofa. Na ga zai yiwu.

Ban faɗa wa mutanen gidan ba. Ina tsoron Kalum ya ji tausayina ya sa ni a jirgi, tausayin ya zama ƙarshen aikin. Kuma ban san yadda ake cewa takaba da Turanci ba.

Ni da aka ce kada in zauna, sai ga ni a kulle. Daga kicin zuwa taga, daga taga zuwa kicin. In wanke abin da na riga na wanke. La'asar na yi, hannuna ya kai kan waya, sai in tuna babu mai ɗauka. In tsaya a taga in bi jirgin ƙasa da ido har ya ɓace, in jira wani.

Ana cikin haka likita ya zo ya ce ƙugun ya kama, Mama na iya hawa keke ta fita, fitar ma magani ce. Kalum ya kira ni falo, yana murna. Ya ce ranar Lahadi mota za ta zo, in kai ta coci, shi yana Hatta.

Na ce, "Yallaɓai, ba zan iya fita ba."

Ya ɗauka cocin nake gudu. Ya ce ba sai na shiga ba, akwai masu karɓarta a ƙofa.

Na ce, "Ko ƙasan bene ba zan iya sauka ba."

"Har yaushe?"

"Da sauran watanni."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce a tare da shi. Ya ce tun da ta zo ƙasar nan maganarta ɗaya ce, kuma don wannan ya ɗauke ni. In ba zan iya ba, dole ya nemi wata. Ya ce in yi tunani kafin ya dawo. Na san abin da hakan ke nufi: aikin, da takardun, da abincin 'ya'yana, duk a igiya ɗaya suke.

Bayan ya tafi Mama ta kira ni. Ashe ƙofarta a buɗe take.

"Zauna, hen. Wa ya mutu?"

Na zauna, na kama gyara mata bargo.

"Shekara da shekaru ina duban fuskokin yara. Kin daina sa baƙin nan na ido. 'Yan kunnenki sun tafi. Kaya ɗaya kike wankewa kina mayarwa. Wa ya mutu?"

Na ce, "Maigidana."

"Yaushe?"

"Ranar da kika ce kunun ya yi gishiri."

Ba ta ce sannu ba, ba ta rungume ni ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce in faɗa mata yadda muke yi. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su. Na ce mace tana zama a gida, ba ado, ba ƙamshi. In kwanakin suka cika, mata su taru, ta yi wanka, a yi mata kitso da lalle, ta sa sabon kaya, a yi sadaka, sannan ta fita cikin mutane. Na ce ban samu komai nasa ba, wannan kaɗai ya rage.

Ta nuna kwat ɗin da haɓarta. "Kin san dalilin wancan?"

Na ce a'a.

Ta ce a ƙauyensu, can bakin teku, in an binne mutum, iyalansa ba sa shiga jama'a sai Lahadin da ta biyo. Ranar su sa baƙaƙen kaya, su tafi kirk tare, su zauna a bencin gidansu. Kowa ya gan su, a ambaci sunan mamacin, a fito a yi musu hannu a ƙofa. Daga nan sun dawo duniya, mace na iya zuwa kanti, tana iya dariya a titi. Sukan ce an kai su kirk. Haka ake yi wa amarya, haka ake yi wa mai jego. Ta ce yanzu 'yan zamani sun bari, amma ita uwarta ta yi, kakarta ta yi.

"An binne Hamish ranar Alhamis," in ji ta. Mijinta ke nan. "Hutun Kalum ya ƙare, ranar Asabar muna cikin jirgi. Ban ga Lahadin ba. Har yanzu ina tsakanin Asabar da Lahadi, hen. Hamish fa, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana buɗe ƙofar kirk ɗin nan yana kunna wuta kafin kowa ya zo."

Na ce ai in ta warke sai ta koma can ta yi.

Ta yi 'yar dariya. "An sayar da kirk ɗin. Mutane sun ƙare a ƙauyen. Wasu sun saya sun mai da shi gidan kwana. An ce inda bencinmu yake, nan suka sa firij."

Sai malantar ta motsa. Ta gyara zama, ta ɗaga yatsa kamar ina aji. Ta ce in san kalmar kirk ma baƙuwa ce a ƙasarsu, tafiyayyiya ce kamar mu. Daga Girkawa ta taso. Su sukan ce gidan Ubangiji, kalma biyu. A hanya aka yar da gidan, aka riƙe ɗayar, kuriyakon, wato na Ubangiji. Ta bi ta ƙasashen arewa, baki ya karɓa ya miƙa wa baki. Mutanen Ingila suka tauna ta har ta yi laushi, ta zama yadda suke faɗa yau. Masu jiragen ruwa na can ƙasashen ƙanƙara suka ce kirkiya, su kuma mutanenta suka bar ta da ƙashinta, kirk.

Na ce, "Mu coci muke cewa."

"Daga bakin Ingilishi kuka karɓa. Ita ce dai, ta gaji da tafiya kafin ta iso ku."

Na yi ta juya maganar a raina ina wanke kofuna. Kalma ta bar garinsu, ta rasa gida a hanya, ta tsira da na Ubangiji. Abin da na faɗa ke nan da wayar nan ta zo. Mu na Allah ne.

Da Kalum ya dawo, a gabana ta yi masa magana. Ta ce ba za ta je ko'ina ba sai ranar da Saude ta fita.

"Mama, ke fa kike damuna da maganar nan kullum!"

"Na dame ka, kuma zan ci gaba. Mijin yarinyar nan ya rasu tana ba ni kunu, kai ba ka lura ba, don ba ka kallon kowa. Ka kawo wata, ka ga abin da zan yi mata. Ka tambayi ukun farko."

Fuskarsa ta yi ja. Ya juyo ya ce mini ya yi baƙin ciki, me ya sa ban faɗa ba, ko ina so in tafi gida. Na ce a'a, ina so in zauna. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya ɗaga hannu biyu sama. Maganar neman wata ba ta sake tasowa ba.

Daga nan muka zama mu biyu a kulle. An kawo mata ƙarfen koyon tafiya, mai ƙafa huɗu. Tana gaba tana turawa, ina bayanta, daga ƙofar falo zuwa taga, mu juyo. In mun isa ƙofar fita sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta ce, "Ba yau ba." Ba kullum take da daɗi ba. Wata rana ta ture shayi ta ce mutanenmu ba su san gaggawa ba, su a garinsu kwana uku sun gama, mu sai mun kai kaka. Na ce ai ita ta fi ni daɗewa a nata. Ta harare ni, sannan ta ce in sake haɗa shayin, wannan karon da hankali. Ta koya mini yadda ake gasa wata wainarsu ta alkama mai tauri. Na dafa mata miyar kuka da Hajiya ta aiko, ta ɗanɗana ta ce a garinsu da irin wannan ake liƙe jirgin ruwa, amma ta cinye.

Saura kamar wata guda, mura ta sauka mata a ƙirji. Likita ya riƙa zuwa gida. Numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Ina goge mata goshi, idona na kan kwat ɗin nan. Tsoro ya kama ni wanda ban taɓa ji ba. In matar nan ta tafi ba ta ga Lahadinta ba, ni na tare mata hanya. Na rasa wurin tsayawa a gidan. In shiga kicin in manta abin da ya kai ni.

Ranar da zazzaɓi ya sake ta, Asabar ce, na durƙusa gaban gadonta. Na ce, "Mama, gobe mu tafi. Malamanmu sun yarda a fita in da lalura. Ba laifi a kaina."

Ta buɗe ido ɗaya. "Kin ce shi kaɗai ya rage ki ba shi."

"Ya isa haka. Zai yafe."

"Shi zai yafe. Ke fa? Kalum ya karɓe mini Lahadina da kyakkyawar niyya. Ba zan karɓe takabarki ba. Tashi ki kawo mini ruwa, ba mutuwa zan yi ba, ban da lokaci."

Ranar Juma'a kwanakin suka cika. Hajiya Ladidi ta zo tun da hantsi, tana haki, da jaka biyu. Mai gadi ya so ya hana ta hawa, ta ce masa, "Habibi, matsa, na girmi benen nan." Ta kawo waina daga wurin wata Bakanuwa mai abinci a Deira, da lalle, da atamfa ɗinkakkiya da Inna ta ba wani fasinja. Da na warware ta na gane ɗinkin. Yaron shagon Malam ne ya yi, da irin wuyan da Malam ke yi mini. Nan ne kawai na shiga banɗaki na daɗe.

Na yi wanka. Hajiya ta zaunar da ni a ƙasa ta kama kaina. "Wannan kai ko sheƙar angulu? Kazar Bature, tsaya da kyau." Mama na kan kujera tana kallo, tana tambayar kowane abu, Hajiya na amsa mata da Turancin kasuwa da hannu. Aka raba wainar, har mai gadi ya samu. Na naɗe zanin takaba da hijabin na ba Hajiya ta bayar sadaka. Da aka zo kan 'yan kunne, Mama ta miƙo tafin hannunta, ita za ta sa mini. Ta daɗe tana neman hujin, ta soke ni sau biyu. Ba wanda ya ce ta bari.

Ranar Lahadi na sa mata baƙin kwat da hular. Ya yi mata yawa, ta rame. Kalum ya ce shi zai tuƙa mu, amma a mota zai jira, tun yana saurayi rabonsa da shiga irin wurin. Da lif ya buɗe a ƙasa, iska mai zafi ta bugi fuskata, na ja na tsaya da keken a bakin ƙofa. Mama ta ce, "Tura, hen. Titi ne kawai."

Wurin wani fili ne da aka ware, coci kusa da coci, mutane na ta shiga da fita, Indiyawa, 'yan Filifin, baƙaƙe 'yan'uwanmu cikin ashobi. Babu dutse, babu teku. Mama ta dubi ginin ta ce kamar asibitin haƙori. Ta ce, "Ba kome. Gidan dama an yar da shi a hanya."

Kalum ya sauko da keken, ya tsaya jikin mota. Na tura ta har bakin matakala, inda aka yi gangare don keke. Nan na taka birki, na saki hannu.

Na juya na ce, "Yallaɓai, nan ne iyakata."

Ya ce akwai masu karɓa, ga su can.

Na ce, "Ta ce iyali ne ke kai mutum. Ni ba iyali ba ce."

Mama ba ta waiwaya ba, tana kallon gabanta, hannunta a kan jaka. Ya tsaya jim, yana juya makulli a yatsa. Sannan ya sa shi a aljihu, ya tako, ya kama inda na saki.

Kafin ya tura, ta kamo gefen mayafina. "Za a ambaci Hamish a ciki. Naki fa? Ba ki taɓa faɗa mini sunansa ba. Kullum Malam, Malam."

Na ce, "Mama, yana da masu yi masa addu'a. Ni ma ga carbina."

"Ba addu'armu zan ɗora masa ba, na san ba ta hanyarku ba ce. Ina so in san wanda na zauna dominsa."

Na duba hagu da dama, kamar Inna na iya jina daga Kurna. Na sunkuya dab da kunnenta na faɗa. Bakina bai san hanyar sunan ba, da ƙyar ya fito. Ta maimaita, ta karya shi. Na gyara mata. Ta sake, ta sake karyawa. Na ƙara faɗa, a hankali, gaɓa gaɓa, da ƙarfi yadda kunnen tsohuwa zai ɗauka, har Kalum ma ya ji. Duk zamanmu da Malam ban kira sunan nan ko sau ɗaya ba, sai ga ni a bakin titi a Dubai ina ta nanatawa, har ta kama shi daidai.

Ta gyaɗa kai. Kalum ya tura ta suka shige, baƙar hular na tafe a tsakiyar mutane har na daina ganinta.

Na sami benci a inuwar wata bishiyar darbejiya, irin tamu ta gida. Na zauna, lalle a hannuna, sabuwar atamfa na ƙaiƙayin wuyana. Na ciro carbi na fara yi masa Ƙulhuwallahu. Motoci na wucewa, mutane na wucewa. Tun da na sauka a garin nan, ranar ce ta farko da na zauna ban ji ƙafata na neman tashi ba.